Ranar Da Ustaz Shaukat Ya Zama Likitan Ido

Duk wanda ya taɓa tsayawa shan ruwan rake a shagona, a layin da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Damanhur, ya san shagon tabarau na Madam Nargis, don ƙofofinmu na kallon juna. Ya kuma san ƙanenta Ustaz Shaukat ko bai so ba, saboda Shaukat ba ya barin baƙo ya gama kofinsa bai ji tarihinsa ba. Dogo ne mai tumbi, da gashin baki da yake yi wa hidima fiye da yadda wasu ke yi wa 'ya'yansu. Ya yi 'yan shekaru a Italiya, kuma abin da yake faɗa wa kowa shi ne a can ya ƙware a aikin gilashi. Ba ƙarya ya yi ba. Wani ɗan layinmu da ya je Milano ya hango shi rataye da igiya a jikin wani dogon bene, yana wanke tagogi.

Da ya dawo gida ya gwada kiwon tantabaru, suka tashi suka koma wurin wanda ya sayar masa. Ya gwada gyaran fanka, aka daina kawo masa bayan wata ta kama da wuta. Daga ƙarshe yayarsa ta ajiye shi a shagonta yana shara, yana goge madubi, yana gaya wa masu gwada tabarau cewa ya yi musu kyau. Ita kuwa ta yi karatun abin da gaske. Likitocin ido na garin ma wurinta suke turo mutanensu in aikin mai wuya ne.

Ana saura kwanaki kaɗan azumi aka bugo mata waya daga Bur Sa'id cewa 'yarta ta haihu kafin lokaci. Ta fito da jaka a hannu, ta tsayar da Shaukat a bakin ƙofa, ta kuma ɗaga murya da gangan don in zama shaida. Ta ce wanda ya zo karɓar aikinsa ya ba shi, wanda ya kawo sabon aiki ya ce ya jira ta. Na'urar awo kada ya taɓa, akwatin katakon da ke ƙarƙashin kanta kuma kada ya buɗe.

"Haba Abla," in ji Shaukat, don haka yake kiran yayar tasa, "sai ka ce da yaro kike magana."

"Da yaro ne ai da hankalina ya kwanta," ta ce, ta shiga mota.

Motar ba ta gama shan kwana ba ya saka farar rigarta ta aiki, hannun rigar ya tsaya masa a gwiwar hannu. Can sai ga shi ya tsallako titi da akwatin a buɗe. Cike yake da gilasan gwaji a jere, amma waɗanda suka ɗauki hankalinsa wasu 'yan ƙanana ne masu kauri a gefe ɗaya, sirara a ɗaya gefen, kamar yankan kankana. Ya ce sunansu firizam. Ya kara min guda a ido, sai na ga tulin rakena ya matsa gefe daga inda na ajiye shi. Ya tambaye ni ko na taɓa ganin likitan da ya matsar da rake bai taɓa shi ba. Na ce ban taɓa ba. Ya ce to wannan somin-taɓi ne.

Da yamma ya shiga shagon shayi na Abu Hilal, inda dattawan layin ke buga domino, ya sanar da su cewa kowa a garin nan idonsa a karkace yake, bai dai sani ba. Aka yi masa dariya. Sai ya sa kowa ya miƙe hannu ya ɗaga babban yatsa, ya saita shi da agogon bango, ya rufe idon dama, sannan ya buɗe ya rufe na hagu. Yatsan kowa ya yi tsalle. Abu Hilal ya maimaita ya sake maimaitawa, ya ce wallahi nasa ya fi na kowa tsalle. Wani dattijo ya ce shi ya daɗe yana zargin haka, don tun bara yake shan kaye a domino.

Nan Shaukat ya baje shirinsa. Kafin Abla ta dawo zai miƙar da idon layin gaba ɗaya. Bayan salla zai buɗe reshe a Iskandariya, a bakin teku, da sunansa a rubuce da fitilu. Ita Abla zai bar mata nan ta riƙa kula da ƙananan ayyuka, don ba ya mance 'yan'uwa.

Wanda ya fara faɗawa hannunsa shi ne Usta Girgis mai aski, mutum mai kunya da ba ya iya cewa a'a. Shaukat ya ɗora masa firem ɗin gwaji na ƙarfe, ya cusa masa firizam a kowane ido yadda hannunsa ya kai, sannan don ya nuna wa jama'a ya yarda da aikinsa, ya zauna a kujerar askin ya ce a gyara masa gashin baki. Girgis ya ce a hankali yana ganin kamar leɓen Ustaz ya gangara. Shaukat ya ce ai yau ne ya fara ganin leɓe yadda Allah ya halicce shi. Girgis ya daidaita gashin da abin da yake gani. Da aka juyo da kujera, ɓangaren dama na nan da ƙahonsa a murɗe, na hagu kuwa ya koma kamar na ɗan makaranta. Shaukat ya daɗe yana kallon madubi, sannan ya ce haka ake yayi a Milano. Girgis ya cire firem ɗin ya ajiye, ya ce shi dai ya haƙura da ciwonsa.

Da abin ya tsaya nan da an yi dariya an wuce. Sai aka yi rashin sa'a Sitt Atiyat ta zauna a kan tabarau na mijinta.

Mijin nata shi ne Ammu Zaglul mai kunafa, wani kayan zaƙi mai kama da siririyar taliya da ake ci a azumi. Duk shekara in azumi ya matso yakan gina murhunsa na bulo a bakin titi, zagayayye, tsayinsa ya kai ƙirji, ya ɗora faifan tagulla a sama. Sai ya hau wani akwati, ya ɗebo ƙullu da moɗa mai huji, ya riƙa zagaya hannu a kan faifan, ƙullun na zuba siri-siri kamar zare. Abin da ya samu a watan nan shi ke riƙe gidansa rabin shekara. A bakin layi akwai wani Sabri da ya kawo inji mai fitar da kunafa kamar ana buga jarida, kuma kowace shekara yana janye masa mutane kaɗan-kaɗan. Shekarun baya ciwon suga ya taɓa wa Ammu Zaglul jijiyar ido, ya wayi gari yana ganin komai bibbiyu, ɗaya a gefe kuma ɗan sama da ɗaya. Madam Nargis ce ta yi masa wani tabarau mai zagayayyun gilasai da ya haɗe masa duniya wuri guda. In babu shi, faifai biyu yake gani, bai san wanda zai zuba wa ba.

Suka zo shagon da safe, Atiyat na gaba da gilasan biyu a ƙulle cikin hankici. Firem ɗin ne ya karye, gilasan ko tsagewa ba su yi ba. Na leƙo na ce a bugo wa Madam mana. Shaukat ya harare ni, ya shiga ciki da wayarsa, ya fito ya ce ta ce ya yi, ai aikin minti biyar ne. Daga baya muka ji ko lambarta bai danna ba.

Ya samo sabon firem zagayayye, ya juya gilasan a hannu, ya lura kowanne na da gefe mai kauri. Ya ce wannan kaurin muni ne, Abla ba ta da idon ado. Ya juya kaurin duka biyun ya fuskanci hanci don ya ɓuya, ya ɗaure, ya ɗora wa tsohon. Ammu Zaglul ya ƙifta ido, ya juya wajen matarsa.

"Ɗazu ina ganin Atiyat biyu kafaɗa da kafaɗa," ya ce. "Yanzu kamar sun yi faɗa. Ɗaya na bakin ƙofa, ɗaya na wajen kanta."

Atiyat ta tambaye shi wacce ta fi kyau a ciki. Tsohon ya ce shi ba a kawo shi nan don a kashe masa aure ba. Shaukat ya ce alama ce mai kyau, idon ne ke miƙa kafin ya zauna, ya je ya yi yawo da shi. Ammu Zaglul ya fita yana lalube. A tsakiyar titi ya ga kekunan jaki biyu na tahowa da kayan lambu, ya ce bari ya bi ta tsakaninsu. Ba don mai jakin ya ja linzami ba da sai dai a tsince shi cikin tumatir.

Washegari suka dawo, Atiyat ba ta ko yi sallama ba. Shaukat ya ce ya kwana yana nazari, ya gano kuskuren na ma'aikatar da ta yi firem ɗin ne. Ya ce a hankalce, tunda idanu biyu aiki ɗaya suke yi, dole kaurin ya kalli wuri guda kamar sojoji a fareti. Ya juya duka biyun suka kalli dama. Wannan karon Atiyat biyun suka dawo kusa da juna, daidai yadda yake ganinsu in ba tabarau, sai dai duniyar ta ɗan zame gefe. Shaukat ya ce an samu ci gaba, ya ja shi shagon Abu Hilal don mutane su gani. Aka kawo shayi. Ammu Zaglul ya ɗebo sukari a cokali, ya saita kofi da kyau, ya zuba shi tsaf a kan domino na mutumin da ke kusa da shi. Atiyat da ke tsaye a waje ta ce wannan ne kawai amfanin da ta gani, ko ba komai yau bai sha sukari ba.

Tsohon bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ɗin ya riƙe a cinya, ya ce murhu ya bushe, an kawo gari, gobe jajibiri, kuma tun yana saurayi bai taɓa barin jajibirin azumi ya wuce bai kunna wuta ba. Ya ce wanda ya je wurin Sabri sau ɗaya ya ga ba layi, ba lallai ya dawo ba. Sai ya tuna cewa likitan da ya duba shi a Iskandariya ya ce idonsa ya kauce huɗu zuwa gefe, uku zuwa sama. Ko wannan zai taimaka?

Shaukat ya buga tebur har domino suka yi tsalle. Ya ce me ya sa ba a gaya masa tun farko ba? Huɗu da uku bakwai ke nan. Atiyat ta leƙo ta taga ta ce ita dai ta ji da kunnenta Madam Nargis ta ce biyar.

"Jama'a, ku yi mana hukunci," in ji Shaukat. "Huɗu a tara da uku nawa ne?"

Aka ce bakwai. Abu Hilal ma ya ƙirga da yatsu don a tabbatar.

"To kin ji, Hajiya. Ban so in tona asirin gida ba, amma ga dukkan alamu Abla ta riƙe muku biyu."

Atiyat ta ce in Nargis ta riƙe biyu mijinta na gani, shi da ya ba da duka me ya sa mijinta ke gaisawa da jakuna? Shaukat ya ce ilimi ba ya son gaggawa. Ya yi alkawari a gaban kowa cewa gobe bayan la'asar Ammu Zaglul zai zuba kunafar da ba a taɓa gani ba, kuma kowa ya gayyato na kusa da shi.

Ya wuni a shago da ƙofa a rufe. A akwatin babu firizam mai lamba bakwai, don haka ya ɗora mai huɗu a kan mai uku. Da ya gama ido ɗaya sai ya ga rashin adalci ne a bar ɗayan haka, ya yi masa shi ma. Ya liƙa su a kan gilasan tsohon da baƙin salatef na masu gyaran wuta, wannan ya kalli nan, wancan ya kalli can. Abin ya yi nauyin da hanci ba zai iya ɗauka ba, sai ya ɗaura masa igiyar takalmi ta bayan kai. Ya kawo min na gani, ya ce in faɗi gaskiya ko na taɓa ganin irinsa. Na rantse masa ban taɓa ba.

Ranar jajibiri layin ya cika. An rataye fitilun azumi daga baranda zuwa baranda, mata sun fito da tire da jaridun naɗe kunafa, 'yan domino sun jawo kujerunsu bakin titi. Sabri ma ya bar injinsa ya zo ya tsaya a sahun gaba da sabon takalmi, hannu a aljihu. Shaukat ya ari lasifikar mai sayar da kankana, ya yi jawabi a kan Milano da reshen Iskandariya, rabin gashin bakinsa na rawa. Sannan ya ɗaura wa Ammu Zaglul na'urarsa.

Tsohon ya ɗaga ƙafa zai hau akwati, ya taka iska. Ya sake, ya sake taka iska. Aka kama shi aka ɗora. Ya tsaya da moɗa a hannu yana juya kai a hankali, gumi na keto masa. Can ya ce a sauke shi. Ya zauna a bakin shagona ya kwance igiyar, ya ce layi biyu yake gani, ɗaya a saman ɗaya, kuma na saman ya fi cika. Ya ce a kashe wutar kada itace ya ƙone a banza. Na ba shi ruwa ya sha. Mata suka fara naɗe jaridunsu suna kallon bakin layi, Sabri kuwa ya ce da ƙarfi cewa shagonsa a buɗe yake, kuma injinsa ba ya sa tabarau.

Wannan maganar ce ta tunzura Shaukat. Ya ɗaga lasifika ya ce tabarau ba shi da laifi, tsufa ne ya hana Ammu karɓar sabon ilimi. Ya ce don a gani, shi da kansa zai saka ya zuba kunafar, ai ya ga ana yi tun yana yaro, zagaya hannu ne kawai. Atiyat ta ce a bar shi, don Allah kada kowa ya hana shi.

Ya ɗaura igiyar. Ni da ke kusa na ga lokacin da fuskarsa ta canja, amma bakinsa bai yarda ba. Ya ce bai taɓa gani garau irin na yau ba. Ya miƙa hannu zai ɗauki moɗa ya kama kunnen Abu Hilal. Ya ce gaisuwa ce. Ya hau akwatin da rarrafe, ya miƙe, ya cika moɗa, ya tsaya yana kallon faifai biyu. Ya zaɓi wanda ya fi kwanta masa a rai, ya zagaya hannu da faɗi kamar mai ba da umarni ga makaɗa. Zagayen farko ya sauka rabi a faifai, rabi a kan sabon takalmin Sabri. Na biyu ya bi ta kan sahun gaba, ya yi wa Usta Girgis zane a goshi. Mata suka ja da baya suna kare mayafi da tire.

"Ku daina motsa murhun," in ji Shaukat.

Aka ce masa murhun bulo ne. Ya ce to ƙasar ce ba ta daidaita ba, bari ya gyara tsayuwa. Ya ja ƙafa baya zuwa inda yake ganin gefen akwati. Babu akwati a wurin. Ya tafi da baya, hannuwa na iyo a iska, ya faɗa zaune cikin bahon ƙullu, ƙafafu a sama. Bahon ya yi tunani kaɗan, sannan ya kife da shi. Ƙullun ya malala ya bi gangaren titi har ƙofar shagon tabarau.

Daidai nan wani tuktuk, keken haya mai ƙafa uku, ya tsaya, Madam Nargis ta sauko da jakarta. Ashe tun da asuba Atiyat ta bugo mata. Ta dubi ƙullun da ke lasar takalminta, ta dubi farar rigarta a jikin abin da ke kwance a titi, ta dubi gilasan gwajinta a naɗe da salatef.

"Sannu da zuwa, Abla," in ji Shaukat daga ƙasa. "Ya mai jego? Wacce ce ke a cikin ku biyun?"

Ta kwance igiyar daga kansa, ta kama hannun Ammu Zaglul ta shiga da shi shago, rabin layin ya bi su har ƙofa. Ta ɓare salatef ɗin, ta wanke gilasan tsohon, ta ɗora kowanne a kan na'urar awo tana juyawa a hankali, ta ɗiga masa tawada inda ya kamata. Shaukat ya shigo yana ɗiga, ya tsaya a kusurwa. Da ya ga ba ta kula shi ba sai ya ce shi dai har yanzu yana nan a kan bakansa, huɗu da uku bakwai ne, kuma akwai shaidu.

Nargis ta ajiye abin da ke hannunta. Ta nuna masa tayil ɗin ƙasa, ta ce ya taka huɗu ya nufi ƙofa, sannan ya juya ya taka uku ya nufi taga. Ya taka, yana barin farin sawu. Ta miƙa wa Abu Hilal zaren awo ta ce ya auna daga inda Shaukat ya tashi zuwa inda yake tsaye, kai tsaye, ba kwana. Abu Hilal ya durƙusa ya auna, ya gwada da faɗin tayil, ya ɗago ya ce biyar. Ta ce to ido ba ya bin kwana, yanke yake yi. Biyar ɗin kuma raba ta ake yi tsakanin idanun biyu, kaurin ya juya wa juna baya, na dama ya kalli waje ta sama, na hagu ya kalli waje ta ƙasa. In suka kalli wuri guda, wannan ya cinye aikin wancan.

Shaukat ya ce abin da yake shirin gwadawa ke nan gobe. Ta ce ya cire mata riga, ya kuma nemo tsintsiya.

Saura matsalar ƙullu. Atiyat ta tsaya a tsakiyar titi ta ce duk wanda ya yi dariya yau ya ci bashin dariyar, ya je gida ya ɗebo gari. Aka kuwa kawo, wannan a kwano, wancan a leda. Ni na ba da ruwa da babban bahona. Atiyat ta zaunar da Shaukat a ƙasa da singileti, ta ba shi muciya, ta tsaya a kansa. In ya buɗe baki zai kawo shawara sai ta ce gudaji, ya koma damawa.

Rana ta yi ja lokacin da Ammu Zaglul ya fito da tabarau a fuska. Ya hau akwatin ba wanda ya riƙe shi. Ya shafa faifan da tsumman mai, ya yi bisimilla, ya zagaya hannu. Zaren ya sauka daga bakin faifai yana shiga ciki, da'ira cikin da'ira, ko ɗigo bai faɗi ƙasa ba. Ƙamshi ya tashi. Matan da suka naɗe jaridu suka warware, layi ya miƙe har ya wuce shagon aski. Sabri ya tsaya ya ɗan kalla, sannan ya tafi neman ruwan wanke takalmi.

Shaukat ya ga mutane sun koma murna, sai ya miƙe. Ƙullun ya bushe masa a gashi da gira, yana ɓarewa in ya yi magana. Ya matso gindin murhu ya fara bayyana wa na kusa cewa irin wannan magani hawa-hawa ake yinsa, shi ya yi mai wuyar, wato motsa jijiyar, Abla ta zo ta ƙarasa mai sauƙin. Ya ɗaga kai ya ce Ammu ya faɗa wa jama'a da bakinsa yadda yake gani yanzu.

Ammu Zaglul ya kwashe kunafar da ke faifai, ya naɗe ta a hannu ya miƙa wa matar da ke gaba. Sannan ya gyara zaman tabarau ɗinsa, ya sunkuyo ya ƙare wa Shaukat kallo tun daga kai har ƙafa, ya daɗe yana kallo.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ashe kai ɗaya ne. Kwanakin nan da nake ganin ku biyu, wallahi har na fara tunanin tashi daga unguwar."